Daga Wasiƙa Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Karatu Daga Nesa

A yau matasanmu na Nima, Briqueterie da sauran zangunanmu suna koyon ɗinki, lissafin ciniki da aikin kwamfuta ta wayar hannu, har ana ganin abin sabo ne fil. Amma karatu daga nesa ya haura shekara 180, kuma koyon sana'a ne ya haife shi.

A shekarar 1840 aka mayar da kuɗin aika wasiƙa kwabo ɗaya a Ingila. Sai wani malami, Isaac Pitman, ya fara koyar da gajeren rubutu irin na akawu ta gidan waya. Ɗalibi ya rubuta darasinsa ya aika, malam ya gyara ya mayar masa. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawarta ga waɗanda ba sa zaune a cikinta. Ta wannan ƙofa ce akawu da malaman makaranta da dama a Afirka ta Yamma suka sami digiri a zamanin mulkin mallaka, suna aiki da rana, suna karatu da fitila da dare. Shi ma Nelson Mandela ya bi darussan shari'a na jami'ar yana kurkuku.

Da aka sami 'yancin kai, malamai suka yi ƙaranci, sai gwamnatoci suka juya ga rediyo da talabijin. Nijar ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin a 1964 da taimakon Faransa. Kodibuwa ta bi sahu a 1971 da shiri mai girma, amma a farkon shekarun 1980 aka dakatar da shi, saboda tsada da ƙorafin iyaye da malamai. A gefe guda, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 1971, tana nan har gobe. Ita ma ta yi amfani da rediyo da talabijin na BBC, sai dai ta haɗa kowane ɗalibi da malamin da ke duba aikinsa.

Intanet ta zo da alkawari mafi girma. A 1997 Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar intanet ta Afirka, a 2012 kuma Coursera da edX suka buɗe darussan manyan jami'o'in Amurka ga kowa. Miliyoyi suka yi rajista, amma kaɗan ne suka kai ƙarshe. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, Ghana ta buɗe tashar talabijin ta darussa. A gidajen da babu mai zama da yaro ya fassara masa Turanci, darasin ya wuce ta bayan kunne.

Mu da muka tashi da allo mun san cewa ba a wankewa sai malam ya ji karatu. To, yanzu da kamfanoni ke horar da ma'aikata ta bidiyo, manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira kuma suna amsa tambaya nan take, kafin mu biya wa 'ya'yanmu kuɗin data ko na kwas, mu bincika wane ne zai duba aikinsu, da wane harshe za a yi musu bayani, da kuma ko masu ɗaukar aiki a ƙasar da muke zaune sun amince da takardar shaidar.