Daga Kantun Riɗi Zuwa Kek ɗin Cakulan: Tarihin Kayan Zaƙi na Ranar Ƙwallo a Gadarif

Gabatarwa

Kwanakin baya, bayan mun tashi daga darasin al'adun Hausawa, wata ɗaliba ta nuna mini hoto a wayarta. Kek ne na cakulan, an mulmula shi kamar ƙwallon ƙafa, an zagaye shi da shuɗin ado. A gefen farantin kuma ga wasu 'yan guntayen alewar riɗi da soyayyiyar gyaɗa. Ta ce wata 'yar'uwarta da ke aure a Gadarif ta ƙasar Sudan ce ta yi shi ranar da ƙungiyar da maigidanta yake goyon baya take wasa. Sai ta tambaye ni: "Malam, wannan ma za a sa shi cikin abincin Hausawa?"

Tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye a bakin aji, domin duk abin da ke kan farantin nan da hanyar da ya biyo kafin ya iso Gadarif. Wannan maƙala za ta bi sawun abubuwa huɗu: mutanen da suka kai Hausa can, riɗin da suka tarar suka yi wa aiki, ƙwallon da ya zama dalilin taruwa, sai cakulan wanda shi ne autan baƙi.

Yadda Hausa ta isa Gadarif

Gadarif tana gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Khartum, a kan hanyar da ta nufi Gallabat a iyakar Habasha. A ƙarni na 19 an fi sanin wurin da sunan Kasuwar Abu Sin, wato gidan sarautar ƙabilar Shukriyya. Tun kafin wannan lokaci mahajjata daga yamma suke ratsa yankin a ƙasa, su nufi Suwakin ko Masawa su tsallaka Bahar Maliya. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Guzuri ya ƙare, mutum ya tsaya ya yi noma ko dako ko ɗinki, ya yi aure, ya haihu, wani ya ci gaba, wani kuma inda ya yada zango nan kabarinsa. Larabawan Sudan suka riƙa kiran waɗannan mutane Takarir ko Fallata, ba tare da bambance Bahaushe da Bafillace da Babarbare ba. Garin Gallabat kansa ya daɗe a hannun shehunan Takarir.

Babbar guguwar ƙaura ta zo ne bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi kiran hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mayurno yake a yau. Daga nan ƙauyukan mutanen yamma suka yaɗu a gaɓar kogunan Dindir da Rahad da Atbara, har cikin ƙasar Gadarif. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta ƙara jawo wasu. Jirgin ƙasa ya iso Gadarif a ƙarshen shekarun 1920, ya haɗa ta da Kasala da tashar jiragen ruwa ta Port Sudan.

Ƙasar riɗi da dawa

Arzikin Gadarif yana cikin baƙar ƙasarta mai laka, wadda take riƙe ruwan damina ta kuma dare da rani. A tsakiyar shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin mulkin mallaka ta fara noman tarakta a Gadambaliya, kusa da garin, don samar da dawa. Daga wannan gwaji noman na'ura mai dogaro da ruwan sama ya bazu, har Gadarif ta zama rumbun Sudan, da katafaren ma'ajin hatsi da aka gina a shekarun 1960, da kasuwar amfanin gona wadda ake sauraron farashinta a faɗin ƙasar.

Sai dai tarakta tana iya huɗa da shuka, amma riɗi ba ya yarda da ita wajen girbi. Kwanson riɗi in ya bushe fashewa yake yi, ƙwayar ta zube ƙasa. Dole a yanke shi da lauje cikin 'yan kwanaki, wajen watan Oktoba, a ɗaure dami-dami a jingine su tsaye har su bushe, sannan a kife su a kakkaɓe a kan shimfiɗa. Jinkirin mako guda yana iya cinye wahalar damina ɗungurungum. Saboda haka kowace kaka manyan manoma sukan nemi dubban hannaye a lokaci ɗaya. Hausawa da sauran mutanen yamma suna cikin waɗanda suka daɗe suna wannan aiki, tare da mutanen Darfur da Kurdufan, daga baya kuma 'yan ci-rani daga Habasha. Wasu Hausawan suka samu gonakin kansu, wasu suka shiga lambu da su a bakin koguna, wasu suka kama kasuwanci.

Abin da namiji ya yanko a gona, mace ce take mayar da shi abin marmari. Sana'ar matan Hausawa ta cikin gida, wadda aka sani a Kano da Katsina da Maraɗi, ita ce dai ta tsallaka tare da su: a soya gyaɗa, a soya 'ya'yan kankana da gishiri, waɗanda mutanen Sudan suke kira tasali, a yi alewa, a ɗora wa yarinya talla ko a kasa a bakin hanya. Kantun riɗi ba shi da wahalar haɗi. A wanke riɗi a rege shi a shanya, a soya sama-sama har ƙamshi ya tashi, a narka sukari har ya yi ja, a juye riɗin a ciki a gauraya da sauri, a baza a faranti mai ɗan mai, a yanka tun da ɗumi. Da yake kusan babu ruwa a jikinsa, yakan yi makonni bai lalace ba, ko da babu firiji. Mutanen Sudan suna da irinsa, suna kiransa simsimiyya, na gyaɗa kuma fuliyya, kuma su ne adon kasuwar Maulidi. Akwai kuma ɗahaniyya, wadda ake yi da niƙaƙƙen riɗi da dafaffen sukari, ana cin ta da burodi.

Sukarin kansa ya daɗe yana zuwa daga waje. Sai a 1962 masana'antar Junaid ta fara aiki, ta Sabuwar Halfa da ke arewa da Gadarif ta biyo baya a cikin shekarun 1960, sannan Kenana a farkon shekarun 1980. Yawaitar sukari ita ta mayar da alewa abin da yaro zai saya da ɗan canjin da ke aljihunsa.

Ƙwallo ya zama dalilin taruwa

Ƙwallon ƙafa ya shiga Sudan ta hannun sojojin Ingila da ɗaliban Kwalejin Gordon da ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara. Manyan ƙungiyoyi biyu na Omdurman, Al-Merrikh mai ja da rawaya da Al-Hilal mai shuɗi, sun kafu da waɗannan sunaye a 1927 da 1930, aka kuma kafa hukumar ƙwallon ƙasar a 1936. A Khartum aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka a watan Fabrairun 1957, a can kuma aka buga gasar Kofin Afirka ta farko da ƙasashe uku kacal: Masar da Sudan da Habasha. A 1970 Sudan ta sake karɓar baƙuncin gasar, ta doke Ghana da ci ɗaya da nema a wasan ƙarshe. Wannan ne kofin Afirka ɗaya tilo da ta taɓa ɗauka.

Mutumin Gadarif bai buƙaci zuwa Omdurman ba kafin ya zama ɗan Hilal ko ɗan Merrikh. Gidan rediyon Omdurman, wanda ya fara aiki a 1940, shi ya kai wasa shagunan shayi da zauruka. Daga baya talabijin ya zo, sannan tauraron ɗan'adam ya haifar da gidajen kallo, inda matasa suke biyan kuɗi kaɗan su kalli wasannin gida da na Turai. Inda duk jama'a suka taru na awa biyu, mai talla ba ya nisa. Abin da ake so a irin wannan zama shi ne abin da za a ci da hannu ɗaya, ido na kan wasa, wanda ba ya tsada kuma zafi ba ya ɓata shi. Tasali da gyaɗa da alewar riɗi sun cika waɗannan sharuɗɗa. Da dare kuma ga agashe, naman da ake yanka fale-fale a barbaɗa masa yajin gyaɗa a gasa, wanda duk Sudan ta san sana'ar Hausawa ce.

Autan baƙi

Cakulan ya biyo doguwar hanya. Asalin itacen koko na nahiyar Amurka ne, Sifaniyawa suka kai shi Turai a matsayin abin sha. A 1828 gidan Van Houten na ƙasar Holan ya samu lasisin na'urar da take matse man koko ta bar gari. A 1847 kamfanin Fry na Ingila ya fitar da cakulan na taunawa, a 1875 kuma Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa shi da madara. Noman koko ya kafu a Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19. A Ghana ana tunawa da Tetteh Quarshie wanda ya kawo iri daga tsibirin Fernando Po a 1879. A yau Kodebuwa da Ghana ne suke noma fiye da rabin kokon duniya.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin tarihin Hausawa. A daidai shekarun da wasu Hausawa suke yankan riɗi a Gadarif, 'yan'uwansu da suka bi hanyar goro zuwa kudu suna zaune a Zangon Kumasi da Sabon Ibadan, a tsakiyar ƙasar koko, wasunsu suna ƙwadago da dako a harkarsa. Hijirar gabas da fataucin kudu, ga su sun haɗu a faranti ɗaya.

Me ya sa cakulan ya makara? Dalili na farko zafi ne. Man koko yana narkewa a kusan digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a baki. A Gadarif kuwa zafin bazara yakan haura digiri 40. Abin da zai narke a tiren mai talla kafin azahar ba zai zama sana'ar talaka ba. Dalili na biyu kuɗi: Sudan ba ta noman koko, sai an shigo da shi da kuɗin waje, alhali riɗi yana bayan gari. Hanyar da cakulan ya samu ya shiga gidaje ita ce garin koko, wanda an riga an matse masa yawancin mai, don haka zafi ba ya narkar da shi. Matan biranen Sudan sun daɗe da al'adar kwaɓa kayan Sallah a gida su kai manyan tire gidan burodin unguwa a gasa musu. Zuba cokali biyu ko uku na garin koko a kwaɓin kek bai buƙaci sabon kayan aiki ba.

Fasalta kek da siffar ƙwallo ko launin ƙungiya kuwa al'ada ce da ta yi ƙarfi a Amurka, inda iyalai suke shirya liyafa a gida ranar wasan Super Bowl, wanda aka fara a 1967. Hotunanta sun iso ta Facebook da YouTube. Abin da ya sauya a nan shi ne wurin kallo. Gidan kallo na maza ne. Kek ɗin ƙwallo kuwa alama ce ta wasan da ya shigo falo, inda mata da yara suke cikin masu kallo, mai gasawar ma tana da ƙungiyarta.

Abin da kalmomi suke faɗa

Sunayen da ke kan farantin tarihi ne a taƙaice. Riɗi da gyaɗa kalmomin gida ne, kuma a karin harshen yamma ana cewa nome da gujiya. Alewa da sukari Larabci ne da Hausa ta ara tun da daɗewa, daga halawa da sukkar. Cakulan da kek sun shigo Hausar Nijeriya ta Ingilishi. Bahaushen Gadarif kuwa, wanda karatunsa da kasuwarsa da sharhin wasansa duk da Larabci ne, ya fi kusa da cewa shokolata da keka, sau da yawa ma simsim a maimakon riɗi. Farfesa Al-Amin Abu-Manga, masanin harshe ɗan Sudan, ya nazarci irin wannan sauyi a littafinsa na 1999 kan yadda Hausar Sudan take daidaita kanta da Larabci. Amma aro ba ta fuska ɗaya yake tafiya ba. Agashe daga aikatau gasa ya fito, kuma yau Balaraben Khartum da bai iya gaisuwa da Hausa ba yana furta ta kullum.

Zuma da zaƙi da harbi

Kada zaƙin alewa ya rufe ɗacin da ke cikin wannan tarihi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta gindaya sharaɗin cewa zuri'ar mutum ta zauna a Sudan tun kafin 1898. Waɗanda kakanninsu suka zo bayan Burmi sai suka wayi gari ana tambayar su takarda a garin da aka binne cibiyarsu. A watan Yulin 2022, rikici kan ƙasa da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka da dama, Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Khartum da wasu birane. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya cika Gadarif da 'yan gudun hijira, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disamba na wannan shekara. Hilal da Merrikh kansu sun zama baƙi, har suka buga kakar 2024 zuwa 2025 a gasar ƙasar Muritaniya. A irin wannan hali, tiren gyaɗa da alewa shi ne jarin da mace za ta iya tayarwa da ɗan abin da ya rage a hannunta, kamar yadda kakanninta suka yi a hanyar Makka.

Kammalawa

Amsar da na ba ɗalibata ita ce: kek ɗin ba gadon Hausawa ba ne, amma ya shiga tarihin abincinsu, kamar yadda sukari da shayi da burodi suka shiga a gabansa. Na kuma ce mata ta ƙara duban gefen farantin, domin riɗin da gyaɗar nan sun girmi kek ɗin da shekaru fiye da ɗari a wannan gari. Littattafan tarihi sun adana sunayen sarakuna da ranakun yaƙe-yaƙe, sun bar matan da suka riƙe gidaje da kaskon suya. Duk ɗalibin da yake da dangi a Gadarif ko Kasala ko Mayurno, ya kira tsohuwar gidan ya tambaye ta me take kiran kowane abu da take soyawa, wa ya koya mata, kuma jikokinta me suke kiransa. Ya rubuta amsar da kwanan wata da sunan garin. Da irin waɗannan 'yan bayanai ake gina tarihin harshe.