Daga Shahuci zuwa Misau: Yadda Karatun Alƙalanci Ya Shiga Aji

A shekarar 1934 wasu malamai uku 'yan Sudan suka sauka a birnin Kano: Shaihu Bashir al-Rayyah, da Shaihu Muhammad Salih Suwar al-Zahab, da Shaihu al-Nur al-Tingari. Takanas aka ɗauko su domin su koyar a sabuwar makarantar horar da alƙalai ta lardunan Arewa, wadda aka fi sani da Makarantar Shari'a ta Kano. Duk wata kwalejin shari'a da ke Arewa a yau, har da ta Misau, idan aka bi salsalarta, nan za a tarar da cibiyarta.

Kafin zuwansu ƙasar Hausa ba ta rasa alƙalai ba, kuma ba ta rasa masana fikihu ba. Sai dai a zaure ake yin karatun. Malam na zaune a kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da littafinsa a cikin gafaka. Wannan yana Ahalari, wancan yana Iziyya, na gefe ya kai Risala. Ɗalibi ya karanto Larabci gaɓa-gaɓa, malam yana fassarawa da Hausa ko Fulatanci, har ya ce "tsaya nan". Mai nufin alƙalanci sai ya haye Muhtasar na Halilu da Tuhufa ta Ibn Asim, sannan ya shekara da shekaru yana zaman muhuti a gefen alƙali, galibi mahaifinsa ko kawunsa, yana ganin yadda ake sauraron shaidu, da yadda ake yi wa mutum i'izari kafin a yanke masa hukunci. Wannan hanya ta fitar da gwanaye na gaske. Rauninta shi ne babu ma'auni ɗaya: wani gari alƙalinsa kogi ne, wani garin kuwa gado kawai ya ɗora nasu a kan shimfiɗa.

Da Turawa suka ci ƙasa a 1903 sun bar kotunan alƙalai, amma suka karkasa su daraja-daraja, suka hana wasu hukunce-hukuncen haddi, suka kuma ce a riƙa rubuta kowace shari'a a littafi domin Di'o ya duba. A 1933 Gwamna Donald Cameron ya sake fasalin kotuna, ya buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara daga kotunan gargajiya zuwa na gwamnati. Daga nan alƙalin da bai iya tsara bayanin shari'arsa a rubuce ba, kowane lokaci ana iya rushe masa hukunci.

Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1926, ya hango wannan tun da wuri. A 1928 aka buɗe makarantar shari'a a unguwar Shahuci, kuma manyan malaman fada irin su Waziri Muhammadu Giɗaɗo da Wali Sulaimanu suna cikin waɗanda suka tsaya wa lamarin. Ta Shahuci ta Kanawa ce. Ta 1934 kuwa ta Arewa ce baki ɗaya, En'e-En'e suna turo 'ya'yansu.

Me ya sa Sudan, ga Azhar a Masar? Turawa suna tsoron iskar siyasar kishin ƙasa da ke kaɗawa a Alƙahira, ba sa son ta shigo musu. Sudan kuwa tana hannunsu, mutanenta Malikawa ne kamar mu, kuma Kwalejin Gordon da ke Khartum tana da sashen horar da alƙalai. Ga mutanen Misau ma hanyar gabas ba baƙuwa ba ce. Sarkin Misau Ahmadu yana cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi a 1903, kuma waɗanda suka tsira daga yaƙin da aka gwabza a can su ne suka nausa gabas tare da Bello Mai Wurno, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilu. 

Abin da malaman Sudan suka kawo ba sabon fikihu ba ne, littattafan dai su ne na zaure. Tsari suka kawo: aji, da allon bango, da jadawalin darussa, da jarrabawa a ƙarshen shekara, da takardar shaida. Mafi girma kuma, da Larabci suke koyarwa, suna tilasta wa ɗalibi ya yi magana da shi, ya rubuta insha'i da shi. Mutumin da ya haddace Risala amma bai taɓa haɗa jimla biyu da bakinsa ba, sai ga shi yana muhawara a kan rabon gado da harshen littafin.

A 1947 gwamnati ta karɓi Makarantar Shari'a ta Kano, ta faɗaɗa ta, aka sake mata suna Makarantar Nazarin Larabci, wadda har gobe Kanawa ke kira SAS. A wannan shekarar ce Abubakar Mahmud Gumi ya kammala karatunsa a cikinta. A wannan shekarar ce kuma aka yi shari'ar Tsofo Gubba, wadda ta girgiza alƙalan Arewa. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa saboda ya kashe kwarton matarsa, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi. Nan ta fito fili cewa alƙalin Arewa yana aiki ne tsakanin dokoki biyu, kuma sanin ɗaya ba zai ishe shi ba.

Gab da samun 'yancin kai aka zauna a kan wannan matsala. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Landan, da 'yan gida irin su Shettima Kashim. Shawararsu ce ta haifi kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda aka gina a kan na Sudan, ya fara aiki a 1960. Aka riƙa kwasar alƙalai zuwa Kongo a Zariya ana yi musu kwas a kansa. Aure da saki da gado da wasiyya da waƙafi kuwa aka bar su ga fikihu, aka kafa musu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Wanda ya fara shugabantarta, Shaihu Awad Muhammad Ahmad, daga SAS aka ɗauko shi, kuma a 1962 tsohon ɗalibin makarantar, Gumi, ya gaje shi. Haliru Binji da Hassan Gwarzo da Shehu Galadanci duk ta nan suka bi. Hatta Jami'ar Bayero a harabar SAS ta fara a 1960, tana 'yar kwaleji.

Sojoji ne suka ƙarasa sauyin. Bayan an raba Arewa jihohi shida a 1967, aka ƙwace kotuna daga hannun sarakuna da En'e, aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Alƙalanci ya tashi daga gado ya koma aikin gwamnati mai neman takarda. Kowace jiha ta wayi gari tana buƙatar alƙalai da magatakarda da rajistara masu yawa, Kano da Zariya kuma ba za su iya ɗauke nauyin kowa ba. Sai jihohi suka shiga kafa nasu kwalejojin: Kano ta yi wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aminu Kano, Maiduguri ta yi ta Muhammad Goni, Yola ma ta yi tata. Jihar Bauchi, wadda aka ƙirƙiro a 1976 tana haɗe da Gombe, ta ajiye tata a Misau, wadda aka fi sani da Kwalejin Shari'a da Nazarin Addinin Musulunci ta A.D. Rufa'i.

Aikin kwalejin Misau shi ne ainihin wanda shari'ar Tsofo Gubba ta nuna buƙatarsa. Ɗalibin difloma yana karanta fikihun Malikiyya da ilmin gado da Larabci, yana kuma karanta kundin laifuka da tsarin mulki da ƙa'idojin shaida da Turanci. Daga baya aka ƙara mata horar da malaman makaranta masu takardar NCE. Da aka kafa jami'ar jiha a Gadau zamanin Gwamna Isa Yuguda, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, a Misau aka ajiye tsangayar shari'arta. Yau yaron Azare ko Giade ko Dambam zai iya yin difloma da digirin lauya a gari ɗaya, sai dai ya wuce makarantar lauyoyi ta ƙasa, irin ta Bagauda, kafin ya sa baƙar riga.

Mutane sun fi ɗaukaka mai baƙar riga, kuma a nan akwai rashin adalci ga kwalejin. Matar da ke neman kuli'i a Hardawa, da marayun da kawu ya danne wa gona, da wanda ya ba da jingina aka ƙi mayar masa, ba Babbar Kotu suke zuwa ba. Gaban alƙalin ƙaramar kotu suke durƙusawa, mafi yawansu ba lauya, kuma abin da ya faɗa shi ne shari'a a wurinsu. Tun da jihar Bauchi ta dawo da shari'ar Musulunci a fagen laifuka a 2001, nauyin da ke wuyan wannan alƙali ya ƙaru, domin kuskurensa yana iya taɓa jikin mutum ko ransa. Makarantar da ke horar da shi ta cancanci gwamnatin jiha ta cika mata ɗakin karatu da littattafai, ta riƙe mata ƙwararrun malaman Larabci da na doka, ta kuma riƙa maido da alƙalan da ke bakin aiki Misau suna sabunta karatunsu.