Fi-Ti-O: Tarihin guntun ƙarfen da ke juyawa a bayan tarakta

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ta hana su saurare.

Yau gareji za mu leƙa. Idan ka taɓa tsayawa a bayan tarakta, wadda wasunmu ke kira tantan, za ka ga wani guntun ƙarfe mai tsaga-tsaga ya leƙo tsakanin tayoyin baya. Makanikai Fi-Ti-O suke ce masa. Shi ke ɗauko ƙarfin inji ya miƙa wa injin sussuka, ko famfon ban ruwa, ko na'urar yankan ciyawa. Daga ciki akwai boris da ke riƙe da shi. Ranar da boris ɗin nan ya mutu sai ka ji gurnani, ka ga mai na tsiyaya, in ka kama ƙarfen ka ji yana rawa a hannunka. Tarakta na tafiya lafiya lau, amma masara na jibge a gona babu mai sussuke ta. To ya aka yi taraktar da ta girmi babanka har yau ana gyara mata wannan wurin a yini ɗaya, kuma ta juya injin da aka ƙera bana?

Mu koma baya kaɗan. A Turai da Amurka dawaki ne ke jan injin girbin alkama. Injin yana da wata ƙatuwar taya, birgimarta a ƙasa ita ke motsa wuƙaƙen. In ƙasa ta jiƙe taya ta kama santsi, shi ke nan aiki ya tsaya. Da taraktocin farko suka fito, gurbin doki kawai suka cike, ja kawai suke yi. In kana son ƙarfin injin kansa, sai ka faka ka ɗaura bel.

Wani manomi kuma makanike a Faransa, ana ce masa Gougis, ya haɗa wa kansa sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin inji kai tsaye zuwa injin girbi. Wani injiniyan kamfanin International Harvester na Amurka, Edward Johnston, ya gani da idonsa, abin ya zauna masa a rai. A 1918 kamfanin ya sa wannan dabara a taraktarsa samfurin 8-16, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu.

Sai rikici ya taso. Kun tuna lokacin da kowace waya ke da irin bakin cajarta? To haka aka yi. Kowane kamfani da kaurin ƙarfensa da saurin juyawarsa, ka sayi tarakta a nan, injin can ya ƙi shiga. A 1927 ƙungiyar injiniyoyin noma ta Amurka ta tsayar da ƙa'ida: juyi 536 a minti ɗaya, kuma in ka tsaya a bayan tarakta ya riƙa juyawa kamar hannun agogo. Daga baya aka tsaya a kan 540, tsaga shida, kauri inci ɗaya da uku bisa takwas. A 1958 aka ƙara wani mai juyi 1000 da tsaga 21 saboda manyan injuna. Ni a ganina wannan yarjejeniya ta fi yawancin ƙirƙire-ƙirƙiren da ake yi wa kirari amfani ga ƙaramin manomi, don ita ta hana kamfani ɗaya ɗaure shi.

Ba kowa ya bi nan take ba fa. Ferguson TE20, 'yar ƙaramar nan mai ruwan toka da aka ƙera sama da rabin miliyan a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, nata ƙarfen inci ɗaya da ɗaya bisa takwas ne. Har yau mai ita sai ya sa masa ƙarin baki kafin ya shiga injin zamani. Zuriyarta ce Massey Ferguson ɗin da kuke gani a gonakinmu, bayan haɗewar kamfanin Ferguson da Massey-Harris a 1953.

Tsofaffin kuma suna da wani mugun hali. Fi-Ti-O ɗinsu ta cikin giya yake bi, saboda haka ko ka taka kuloci, nauyin wuƙar yankan ciyawa da ke juyawa sai ya ci gaba da tura tarakta gaba, ga katanga ko rami a gabanka. Kamfanin Cockshutt na Kanada ne ya fito da samfurin 30 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ƙarfensa ke ci gaba da aiki ko tarakta ta tsaya, ba ruwansa da tayoyi.

Yanzu gyaran. A irin su TE20, noti huɗu ne ke riƙe da gidan boris ɗin. Ka juye mai tukuna, wasu kuma sai su fuskantar da hancinta gangare don man ya koma gaba. Ka kwance notin, ka zaro sandar gaba ɗaya, ka cire zoben da ya tokare boris, ka fitar da shi. Duba lambar da ke jikinsa, ita za ka kai kasuwa. Wajen sa sabo, zoben ciki ake dannawa, kar wani ya hau shi da guduma ta ko'ina. Kuma don Allah a canja robar da ke tare mai a lokaci guda, don kuɗinta bai kai wahalar sake kwancewa ba.

Abin da ake yawan mantawa shi ne man da aka juye. A waɗannan taraktoci mai ɗaya ne ke shayar da giya, da aksil na baya, da famfon da ke ɗaga garma, kuma wannan sandar ce ke juya famfon. In boris ya farfashe, ɓurɓushinsa na cikin man. Ka mayar da tsohon mai, gobe famfo ne zai mutu, shi kuwa ba kuɗin wasa ba ne.

In an gama, a mayar da murfinsa. Juyi 540 a minti yana nufin sau tara a daƙiƙa ɗaya. Mu masu babbar riga da rawani, da mata masu mayafi a wurin sussuka, bakin tufafi kawai zai kama, kuma kafin direba ya kai hannu ga makulli mai faruwa ta faru. A kashe inji kafin a matsa kusa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu damina mai albarka.