Samari Bakwai na Asawase

Ranar 17 ga Yuli, 2018, 'yan sanda suka harbe samari bakwai a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne, suka kuma alaƙanta su da kisan wani ɗan sanda da aka yi kwanaki kaɗan kafin nan. Mu a Zangon Kumasi mun san gidajen da suka fito. Da bakin bindiga aka yanke musu hukunci, babu alƙali, babu mai shaida, ba a ji ta bakinsu ba.

Matasa suka fusata, suka tare hanyoyi, sarakunan Zango da limamai suna ta ba da haƙuri. Ɗan majalisarmu, Muntaka Mubarak, ya dage sai an bincika. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai sami hujjar cewa 'yan fashi ne ba. Aka ba da umarnin dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane gida sidi 250,000.

Malamanmu sun karantar da mu cewa kawo hujja yana wuyan mai tuhuma. A nan kuwa iyaye aka bari da wahalar wanke sunan 'ya'yansu, watanni bayan an yi musu salla. Allah ya jiƙansu.