BABI NA UKU: TARIHIN KOYAR DA KIYAYE HAƊARI DA SANIN KAYAN ƘIRA DA NA GINI A ƘANANAN MAKARANTUN SAKANDARE NA ƘASAR FUNTUWA DA MALUMFASHI

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin yadda aka shigo da darussa biyu cikin manhajar ƙaramar sakandare, wato darasin kiyaye haɗari a ɗakin aiki da darasin sanin kayayyakin da ake ƙira da gini da su, kamar katako da ƙarfe da yumɓu da siminti. Abin da babin yake son nunawa shi ne, waɗannan darussa su ne suka fi kowanne sauƙin koyarwa da kayan gida a yankin Funtuwa da Malumfashi, amma yadda tarihinsu ya zo ya sa suka koma abin hadda a kan allo.

3.1 Yankin Kafin Zuwan Darasin

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen kudancin ƙasar Katsina suna da nasu ilmin kayan aiki, wanda yaro yake gada a gindin mahaifinsa ko ubangidansa. Maƙera sun san tama da yadda ake narka ta, sun kuma san cewa gawayin ƙirya ya fi sauran zafi da daɗewa a wuta. Magina sun san ƙasar da ta dace da tubali, da wadda sai an cuɗa ta da ciyawa ta kwana biyu kafin ta yi danƙo. Masassaƙa kuwa sun san icen da ya dace da turmi da wanda ya dace da ƙota. Har yau ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Funtuwa sunanta Maƙera.

Ilmin boko bai fara da ƙyamar sana'a ba. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'in hannu. To amma da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, hankali ya karkata ga samar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e, aikin hannu ya zama na wanda karatu bai karɓe shi ba.

A wannan lokaci ne kuma injuna suka shigo yankin ta hanyar auduga. Kamfanin auduga na Ingila, wanda jama'a suke kira Bisije, ya kafa injunan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Garmar shanu ta bazu, maƙera suka koyi gyaranta da ƙera bakinta, suka kuma bar narkar da tama sannu a hankali saboda tsohon ƙarfen jirgi da na mota ya wadata. Daga 1975 aka ƙara da Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya zo da taraktoci da famfunan feshi da gareji. Ke nan kafin a fara maganar darasin fasaha a makaranta, yaron wannan yanki ya riga ya saba ganin bel yana juyawa da ƙarfe yana ja a wuta.

3.2 Tsarin 6-3-3-4 da Akwatunan Kayan Aiki

Asalin darasin yana komawa ga babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a watan Satumba na 1969, inda aka koka cewa ilmin da aka gada daga Turawa na neman aikin ofis ne kawai. Daga shawarwarin taron aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977, aka sake duba ta a 1981. Ita ce ta kawo tsarin 6-3-3-4, wato shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a. An fara aiki da shi a 1982, shekarar da yaran farko na shirin ilmin firamare kyauta na 1976 suka gama aji shida, ko da yake ba duk jihohi suka shiga a lokaci ɗaya ba. A lokacin Funtuwa da Malumfashi suna cikin Jihar Kaduna.

Ƙashin bayan ƙaramar sakandare a wannan tsari shi ne darasin Share Fagen Fasaha, wanda ɗalibai suka fi sani da Intirotek. An haɗa aikin katako da na ƙarfe da zanen fasaha da lantarki da gini da kanikanci a cikinsa. Bugun manufar na 1998 ya fayyace inda ake son yara su nufa bayan aji uku: kashi 60 cikin ɗari babbar sakandare, kashi 20 kwalejojin fasaha, kashi 10 cibiyoyin koyon sana'a, kashi 10 kuma koyon aiki wurin masu sana'a.

Gwamnatin Tarayya ta yi odar injuna da kayan aiki daga ƙasashen Gabashin Turai, musamman Bulgeriya da Hangare da Cekoslobakiya, aka rarraba wa jihohi. Sai dai kayan sun zo a mugun lokaci. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira. A sassa da dama na ƙasar nan akwatunan sun yi shekaru a rufe, saboda ba a gina ɗakin da za a kafa injunan ba, ko babu wutar lantarki, ko babu malamin da ya san kansu. An tura malamai Amurka samun horo, an kuma buɗe ƙarin kwalejojin horon malaman fasaha kamar na Bichi da Gusau, amma yawan makarantun ya fi ƙarfinsu. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, ta gaji wannan matsala tare da sauran.

Malamin da aka ba darasin aikin hannu ba tare da ɗakin aiki ba, abin da ya rage masa shi ne alli da allo. A nan ne darussan nan biyu suka samu gindin zama, domin su ne farkon manhajar aji ɗaya, kuma su ne ake iya rubutawa a jere a haddace a amsa a jarrabawa.

3.3 Darasin Sanin Kayan Aiki

Littattafan darasin da Ingilishi aka rubuta su, misalansu kuma na dazuzzukan kudu ne da na Turai. Alal misali, ana koya wa yaro cewa katako iri biyu ne, mai tauri da mai taushi, a ba shi sunayen itatuwa irin su iroko da obece, waɗanda sai dai ya gan su a yanke a kasuwar 'yan katako. Ba kasafai ake gaya masa cewa maɗacin da yake bakin hanya ɗan'uwan mahoganin littafinsa ba ne. Bugu da ƙari, wannan rabo na masana tsirrai ne, ya danganta da irin ganye da 'ya'yan itace, ba da taurin icen ba. Shi ya sa rimi, wanda farce ma yana iya shiga jikinsa, yake cikin rukunin masu tauri. Giginya kuwa, wadda daga ita ake fasa azara, ba ta shiga ko ɗaya daga cikin rukunan biyu, alhali ita ce ta riƙe rufin sorayen ƙasar Hausa shekaru aru-aru saboda gara ba ta cika cin ta ba. Magini ya san azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, shi ya sa ya ƙirƙiro bakan gizo domin ya faɗaɗa ɗaki. Wannan darasi ne cikakke a kan ƙarfin kaya da iyakarsa, amma bai samu shiga aji ba.

Haka abin yake a wajen ƙarfe. Littafi ya raba ƙarafa gida biyu, masu sinadarin baƙin ƙarfe da marasa shi. Bahaushe ya riga ya yi wannan rabo a cikin sana'a, inda ya ware maƙeran baƙi, masu fartanya da garma da gatari, daga maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. Maƙerin da ya zaɓi sifirin mota domin yin wuƙa ya bar rodin gini, ya san ɗaya yana ƙara tauri idan aka gasa shi aka tsoma a ruwa ko mai, ɗayan kuwa ba ya yi. Abin da makaranta za ta ƙara masa shi ne dalili, wato bambancin yawan sinadarin gawayi da yake cikin ƙarafan biyu.

A ɓangaren gini, an fi ba siminti da bulo da kwano muhimmanci, kuma ba laifi ba ne, tunda su ne suka mamaye garuruwa. Amma makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, su ne maganin ruwan sama na ginin ƙasa, a yankin da damina take da ƙarfi fiye da arewacin jihar.

3.4 Darasin Kiyaye Haɗari

Ƙa'idojin da manhaja ta tanada masu kyau ne: sa rigar aiki da takalmi mai rufi da tabarau, hana guje-guje da wasa, mayar da kowane kayan aiki mazauninsa, ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara da akwatin taimakon gaggawa. Sun kuma yi daidai da ruhin Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta wajabta killace sassan inji masu haɗari. Matsalar ita ce kiyaye haɗari ɗabi'a ce da hannu yake koyo, ba jerin jimloli ba. Ɗan maƙera bai haddace komai ba, amma ya san ba a ɗaukar ƙarfe a maƙera sai da awartaki ko da ya yi baƙi, domin baƙin ƙarfe ma yana ƙuna.

Daɗin daɗawa, haɗurran da yaron yankin yake fuskanta ba na injin da yake cikin akwati ba ne. Na injin niƙa ne da injin casar masara, inda bel marar murfi yake iya fizgar hannun riga ko gefen mayafi. Wannan batu na sutura yana da muhimmanci ƙwarai a nan, domin tufafin maza da na mata duk masu yalwa ne, ga shi kuwa hoton da yake cikin littafi na yaro ne da ɗamammiyar rigar aiki. Akwai hasken walda da yake ƙona ido ko da daga gefe aka kalla. Akwai narkakken sanholo na masu zubin tukwane, wanda yake fantsama idan ya haɗu da danshi. Akwai ɗanyen siminti mai cin fata, da ƙurar silin asbesto mai lahani ga huhu, da ƙurar auduga mai sa ciwon ƙirji, ga kuma saurin kama wuta. Ɗalibi yana iya kawo nau'o'in gobara a takardar jarrabawa, amma abin tambaya shi ne ko zai tuna kada ya watsa ruwa a wutar fetur ko ta lantarki ranar da ta tashi a shagon ubangidansa.

3.5 Sauye-sauyen Bayan 1999

Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, aka yi masa doka a 2004. Manhajar shekara 9 da aka fara aiki da ita a 2008 ta sauya wa darasin suna zuwa Fasahar Tushe. Daga 2014 kuma aka cusa shi cikin darasi ɗaya tare da kimiyya da kwamfuta da motsa jiki, abin da ya rage masa matsayi a takardar sakamako. A duk waɗannan sauye-sauye, kiyaye haɗari da sanin kayan aiki ba su gusa daga farkon manhajar aji ɗaya ba.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da wata sabuwar manhajar, wadda ta ce ɗalibin ƙaramar sakandare ya zaɓi sana'a ɗaya daga cikin shida, ciki har da haɗa lantarki mai aiki da hasken rana, da gyaran waya da kwamfuta, da kiwo, da noman lambu. Kowace daga cikinsu tana tafe da nata kayan da nata haɗarin: ruwan batir da hawa rufin kwano ga mai haɗa lantarki, hayaƙin dalma ga mai gyaran waya, maganin feshi ga mai lambu.