Kujeru Goma Sha Biyar da Kunnen Mutumin Jado: Tarihin Masu Sa Ido kan Talla a Nijar

A cikin watan Afrilu na shekarar 2014 labari ya bazu cewa zinariya ta bayyana a tsaunukan Jado, can ƙuryar arewa maso gabashin jihar Agadas, a gundumar Bilma. Ƙasar da a da ba a san ta da komai ba sai dabino da kufan tsofaffin birane na Barebari da Tubawa, kafin ƴan watanni ta cika da dubban mutane daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya. Inda jama'a ta taru kuwa kasuwa ke ci: na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa, ruwan sha, man fetur, maganin gajiya da na basir, kowace haja da irin kirarin da ake yi mata. Gwamnati ta rufe mahaƙar a 2017, amma ta bar wata tambaya wadda ta girmi zinariyar kanta: idan talla ta yaudari mutum, gaban wa zai kai kuka, kuma su wane ne ke zaune a wurin da ake sauraron kukan?

A kasuwar Hausa ta dauri amsar ba ta da nisa. Mai talla yana yabon hajarsa gaban idon mai saye, dillali yana tsaye tsakani, sunansa ne jinginarsa, domin ran da ya haɗa cinikin algus ran nan kasuwarsa ta mutu. Bisa su akwai sarkin kasuwa da sarkin pawa da sauran shugabannin sana'a. A daular Sakkwato ma an naɗa muhtasibi mai duba mudu da sikeli da hana zamba. Wannan tsari yana da ƙarfi guda da rauni guda. Ƙarfinsa shi ne mai hukunci ya san harshen da aka yi yabon da shi, ya kuma san mudun da aka auna. Rauninsa shi ne sarki ke naɗa shi, a kasuwar kuma yake ci. Tarihin hukumomin zamani duk kokawa ce da waɗannan abubuwa biyu.

Rediyo ya raba mai yabo da mai saye. Daga kafa gidan rediyon ƙasa a 1958 har farkon shekarun 1990 muryar iska ta gwamnati ce ita kaɗai, saboda haka ba a ga bukatar alƙali ba. Babban taron ƙasa na 1991, wanda Farfesa André Salifou ya shugabanta a Yamai, shi ne ya haifar da hukumar ƙoli ta sadarwa, wato CSC, kundin tsarin mulki na Disamba 1992 kuma ya tabbatar da ita. Daga 1994 gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara buɗewa, R&M da Anfani na cikin na farko, daga baya na karkara suka biyo. Abincin waɗannan gidaje talla ce da sanarwa. Nijar ba ta keɓe wa talla wata majalisa ta daban ba. Ta ɗora duba ta a kan hukumar da ke raba lasisi, take kuma raba wa jam'iyyu lokacin magana. Wannan haɗin ya sa duk iskar siyasar da ta kaɗa hukumar, sai ta kaɗa har da kariyar mai saye.

Iskar kuwa ta yi ta kaɗawa. Bayan juyin mulkin 1999 sojoji sun maye gurbin hukumar da wata mai suna ONC, jamhuriya ta biyar ta maido da ita. Hajiya Mariama Keita, mace ta farko ƴar jarida a ƙasar, ta shugabance ta daga 2003 zuwa 2006, Daouda Diallo ya gaje ta. Mutanen jihar Agadas sun fi sanin hukumar ta fuskar horo: a 2007, lokacin tawayen MNJ, ta dakatar da jaridar Aïr Info na wata 3, a 2008 kuma ta rufe rediyon Sahara FM. Babban darasi ya zo a 2009, zamanin tazarcen shugaba Mamadou Tandja. A ƙarshen watan Yuni shugaban hukumar ya ba da umarnin rufe gidan Dounia. Mambobi 6 daga cikin 11 suka fito fili suka ce ba da shawararsu aka yi ba, kotu kuma ta soke umarnin cikin ƴan kwanaki. A watan Yuli sai aka fitar da dokar da ta ba shugaban ikon yanke hukunci shi kaɗai. Wato dai yawan kujeru ne ya tsaya wa mai mulki a wuya, shi ya sa aka nemi hanyar kewaye su.

Masu rubuta kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 sun riƙe wannan darasi. Sun sa mambobi 15, suka rubuta rabonsu cikin kundin kansa don kada wata ƙaramar doka ta taɓa shi. Shugaban ƙasa da shugaban majalisar dokoki da firaminista kowa ya naɗa mutum guda. Sauran 12 zaɓensu ake yi: 3 daga kafafe masu zaman kansu, 3 daga ma'aikatan kafafen gwamnati, sannan ɗaya-ɗaya daga ma'aikatan sadarwar waya, da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan adam, da ƙungiyoyin mata, da kamfanonin sadarwa da talla, da masu fasahar al'adu, da maɗaba'u da masu wallafa littattafai. Cikin ayyukan da aka danƙa musu har da duba abin da tallace-tallacen rediyo da talabijin suka ƙunsa. Abdourahamane Ousmane ya ja ragamar daga 2013, Dakta Sani Kabir daga 2018.

Babu shakka wannan rabo ya rage wa mai mulki hannu, tun da kujeru 3 kaɗai ya riƙe. Sai dai wanda ya ƙirga sauran da kyau zai ga mafi yawansu na masu yin magana ne, ba na masu saurare ba. Mai shirya talla yana da kujera, gidan da ke cin kuɗin talla yana da kujeru, amma ƙungiyoyin masu saye ba a ambace su ba. Ba a ware kujerar masanin lafiya ba, alhali tallar magani ce ta fi kusa da ran mutum. Ba a kuma yi rabon bisa jihohi ko harsuna ba, alhali yaudarar talla a cikin harshe take ɓuya. Wanda bai ji Barbarci ko Tubanci ko Hausar kasuwa ba, ba zai rabe tsakanin kirari na al'ada da alkawarin ƙarya ba, ko da an fassara masa kalma bayan kalma.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A Ingila hukumar ASA, wadda aka kafa a 1962, kashi biyu cikin uku na majalisarta mutane ne da ba su cikin sana'ar talla. A Faransa tsohon ofishin BVP ya koma ARPP a 2008, aka kafa masa kwamitin sauraron ƙorafi na mutum 9 waɗanda ba su da alaƙa da sana'ar, alƙali ke shugabantarsu, kowane ɗan ƙasa kuma yana iya kai ƙara. Nijeriya ta keɓe wa talla hukuma tun 1988, wato APCON, wadda ta zama ARCON a 2022. Amma keɓewar ba ta raba ta da siyasa ba: a watan Agusta 2023 an rushe sakatariyar kwamitinta na tace talla, aka dakatar da wasu jami'ai, saboda amincewa da allunan da ke jan hankalin jama'a kan alƙalan shari'ar zaɓen shugaban ƙasa. Ashe kafa hukuma ta daban ba ya wadatarwa muddin wanda ya naɗa yana iya tuɓewa ran da ya so.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da kundin 2010 tare da hukumomin da ya haifa, kujerun nan 15 suka shiga tarihi. A Maris 2025 sabon kundin ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wannan ya ƙara wa malamai da ƙungiyoyin al'adu nauyi, domin su ne ke da ilimin da tsofaffin kujerun suka rasa: sanin inda azanci ya ƙare, zamba ta soma. Duk ran da za a sake rubuta jerin masu zama, ya kamata a tuna da abin da shekaru 30 suka koyar. Kujerar da ba a iya tuɓe mai ita ba gaira ba dalili ita ke tsayawa gaban mai mulki, kujerar mai saye kuma ita ke tsayawa gaban mai kuɗi. Mutumin Shirfa da ke sauraron rediyo a gindin dabino bai taɓa samun ta biyun ba.