Kiɗan Fadar Zazzau da Shigarsa Faifai

Tun zamanin da, sarauta a ƙasar Hausa ba ta rabuwa da kiɗa da busa. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a Kano. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya ta da jihadi cikin 1804, ya soki kaɗe-kaɗen banza cikin littafinsa Kitabul Farƙi, amma ya yarda a buga tambari don tara runduna ko sanar da isowarta. Sarakunan Fulani da suka hau gadon Zazzau suka riƙe tambari da kakaki, suka zama alamar mulki.

A Zariya akwai al'adar da a ke kira sara, watau kiɗa da busan da a kan yi a ƙofar fada daren Juma'a. Ran salla kuwa hakiman Ikara da Makarfi da Kudan da sauran gundumomi su kan shigo birni don hawa, kowa da makaɗansa. Amma tambari da kakaki ba na kowane hakimi ba ne.

Wanda bai sani ba ya kan zaci kowa bugun ganin dama ya ke yi. Ba haka ba ne. Abu uku makaɗan ke kiyayewa. Na farko saurin kiɗa, gama kiɗan rakiyar sarki bisa doki dabam ne da na zaman fada. Na biyu muryar kayan kiɗa. Fata ta kan saki da damina, ta yi tauri da hunturu, don haka makaɗi ya kan ja tsarkiya ko ya gasa fatar a bakin wuta har ta dawo daidai. Na uku haɗuwarsu. Kakaki murya biyu gare shi, babba da ƙarama. Mai algaita kuwa ya kan cika kumatu da iska yana shaƙa ta hanci, busa ba ta yankewa. Tilas kowa ya san inda zai shiga da inda zai saurara wa ɗan'uwansa.

Dalilin wannan kiyayewa shi ne kiɗan magana ne. Hausa tana da hawa da saukar murya, shi ne ya bambanta kukan yaro da itacen kuka. Mai kalangu ya kan matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, har ya fitar da taken mutum. In murya ta kauce, take ya ɓaci, makaɗi ya sha kunya a gaban ubangidansa. Duk wannan ilmi ba a rubuce ya ke ba. Gado ne, ɗa ya koya wurin uba.

Turawa kuwa wata hanya suka bi. Suna da wani wasan kwaikwayo da a ke yi duka da waƙa, sunansa opera. Ɗaya daga cikin na farko shi ne wanda Monteverdi ya shirya a Mantua, ƙasar Italiya, cikin 1607. Da ya ke makaɗansa da mawaƙansa suna da yawa, sai su ke rubuta kiɗan a takarda. Cikin 1815 wani mutum mai suna Maelzel ya fito da wani ɗan abu mai kama da agogo, wanda ke ƙwanƙwasa don auna saurin kiɗa. Cikin 1939 aka yi taro a Landan, aka yarda da murya guda wadda a ke daidaita kayan kiɗa da ita, mai kaɗawa sau 440 cikin daƙiƙa ɗaya.

Edison ya ƙago na'urar ɗaukar murya a Amurka cikin 1877. Cikin 1902 aka ɗauki waƙoƙin Caruso, shahararren mawaƙin opera, a birnin Milan. Faifan garmaho na da ya kan zagaya sau 78 cikin minti ɗaya, gefe guda kuwa ba ya wuce minti 5. Sai cikin 1948 aka fito da dogon faifai mai cin minti 20 ko fi. Amma na'ura tana da wani aibi. In faifai ya yi gudu fiye da ƙa'ida, kiɗa ya kan ƙara sauri, murya kuma ta tsananta har dattijo ya koma kamar yaro. In ya yi nawa, duka biyu su faɗi. Saboda haka mai ɗauka ba ya gyara sauri ya manta da murya.

Cikin 1963 da 1964, zamanin Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu, wani malami Ba'amurke mai suna David Ames ya zauna Zariya yana ɗaukar kaɗe-kaɗen Hausa, na fada da na masu sana'a. Ɗaukar irin wannan kiɗa aiki ne mai wuya, gama kakaki ya kan danne muryar maroƙi, sai an san inda za a tsaya da na'ura. An buga abin da ya ɗauka a faifai biyu a ƙasar Jamus, ƙarƙashin UNESCO. Cikin 1971 kuma shi da Anthony King suka wallafa littafin da ya tara kalmomin kiɗan Hausa da ma'anarsu.

Albarkacin wannan aiki, ana iya jin busan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Amma faifai murya kaɗai ya ke adanawa. Wanda bai san take ba, ko ya ji kalangu sau ɗari, bugu kawai zai ji. To, mai karatu wanda Allah ya ba shi sanin rubutu, in akwai tsohon makaɗi a garinsu, ya kamata ya zauna da shi, ya rubuta kowane take da sunan mai shi da dalilinsa, tun tsohon yana da rai.